Idan Zomo Ya Fara Atishawa: Cutar Majina da Masu Kiwo a Magariya da Dungas

Da zarar an ɗaure damman gero, an kwashe gyaɗa daga gonaki, sai iskar hunturu ta fara kaɗawa a kudancin jihar Damagaram, hazo ya rufe gari. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu mutane na fama da tari da kaushi, dabbobi ma ba a bar su a baya ba. Sai dai saniya da rago da akuya suna da gata: akwai zagayen allurar rigakafi duk shekara, akwai malaman dabbobi, akwai dillalan da suka san darajarsu. Can kuwa bayan ɗaki, cikin kejin katako ko ramin da aka rufa da tsohon kwano, akwai wata ƙaramar dabba da ba ta cikin lissafin kowa sai na yaron da ya saye ta da kuɗin ƙwadagonsa. Ran da zomon nan ya fara atishawa, hancinsa ya jiƙe, abin da ake ji a tsakar gida shi ne, "Mura ce, za ta wuce." Sau da yawa ba ta wucewa. Ta kan sauka huhu, ta haura kunne, ta bi sauran zomayen ɗaya bayan ɗaya.

Abin baƙin ciki shi ne, abubuwa biyun da mai zomo ya fi saurin yi don tausayi, wato toshe masa ɗaki don kada sanyi ya kama shi da kuma fasa masa kafson mutane a ruwa, su ne ke ƙara tura shi kabari.

Ƙasar harawa

Magariya na da nisan kimanin kilomita 90 kudu da birnin Damagaram. Dungas kuwa tana ƙarƙashinta har zuwa 2011, lokacin da aka ba ta matsayin gunduma mai cin gashin kanta. Ƙidayar 2012 ta nuna mutane sama da 570,000 a gundumar Magariya, da sama da 350,000 a ta Dungas. Ƙasa ce ta noma, mai cunkoson jama'a, inda gona ke ƙara tsukewa duk lokacin da aka raba gado. Daga Bande zuwa Waca, daga Sasumburum zuwa Dogo-Dogo da Mallawa, gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi ake nomawa, a fadamun Korama kuma ga rake da kayan lambu.

Wannan yanayi ya dace da zomo. Ba ya buƙatar makiyaya, ba ya shiga gonar kowa, abincinsa kuma shi ne abin da gona ta bari: harawar wake, harawar gyaɗa, dusa, ganyen dankali, zogale, ragowar latas da kabeji daga lambu. Zomanya na ɗaukar ciki na kusan kwana 31, ta haifi shida zuwa takwas, kuma hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa in kulawa ta yi kyau, uwa ɗaya na iya ba da ƴaƴa har 40 a shekara. Namansa halal ne. A hadisin Anas ɗan Malik, an kai wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani sashe na zomon da aka kama, ya karɓa. A yankin da ƙungiyar likitoci ta MSF ke jinyar yara masu tamowa tun 2005, dabbar da za ta iya sa nama a tukunya ba tare da an taɓa rumbu ba, ba abin rainawa ba ce. Ƙasar Gana ta gane haka tun 1972, lokacin da gwamnatin Acheampong ta kafa shirin kiwon zomo na ƙasa a cikin yunƙurinta na ciyar da kai.

Ban da wannan, a gidaje da yawa zomo abokin wasan yara ne. Suna raɗa masa suna, suna yi masa ciyawa bayan an taso daga makarantar allo, a kansa suke fara koyon ɗaukar nauyin wani rai.

Baƙo ne, ba ɗan dawa ba

Mutane da dama na ɗauka zomon gida ɗan'uwan zomon dajin da mafarauta ke kora da karnuka ne, don haka zai jure duk abin da wancan ke jurewa. Jinsinsu daban ne, ko barbara ba sa yi da juna. Zomon daji yana kwana a fili, ana haifar ƴaƴansa da gashi, ido buɗe. Zomon gida kuwa asalinsa ƙasashen Sifen da Fotugal ne, kakanninsa a rami suke zama, ana haifar ƴaƴansa tsirara, ido rufe. Jikinsa ya fi jin daɗi tsakanin maki 15 zuwa 20 a ma'aunin zafi. Da zafi ya haura 30 ya fara wahala, domin ba ya gumi, ta kunnuwansa yake rage zafin jiki. A nan kuwa watannin Afrilu da Mayu kan wuce 40.

Ma'anar wannan ita ce, sanyin darenmu na Disamba da Janairu, wanda ke sa mutum neman bargo da wuta, bai dami babban zomo mai lafiya ba. Ƙura ce ke damunsa, da iska mai bugunsa kai tsaye, da warin ɗakin da aka toshe.

Akwai kuma abu biyu a halittarsa da duk mai kiwo ya kamata ya riƙe. Na farko, ta hanci kaɗai zomo ke numfashi. Mutum in hancinsa ya toshe sai ya buɗe baki. Zomo ba shi da wannan mafita, kuma duk ran da aka ga ya ɗaga kai sama yana shaƙar iska ta baki, to rai ya kai maƙogwaro. Na biyu, dabba ce da kowa ke farauta, don haka ta saba ɓoye ciwo. Kafin ka ga ya kwanta, ciwon ya daɗe yana cinsa.

Ƙwayar da ke zaune a hanci

Babbar mai haddasa majinar zomo ƙwayar cuta ce da masana ke kira Pasteurella multocida. An raɗa mata sunan Louis Pasteur, masanin nan na Faransa da ya yi bincike a kanta a 1880 lokacin da take kashe kaji. Dangin wannan ƙwaya ne ke kawo ciwon huhu da kumburin maƙoshi a shanu da tumaki, don haka ba baƙuwa ba ce ga malaman dabbobi na Nijar. Wani lokaci takan haɗu da wata mai suna Bordetella, wadda karnuka da kyanwoyi ma ke ɗauke da ita.

Zomaye da yawa suna yawo da ƙwayar a cikin hancinsu lafiya lau, suna ci suna tsalle. Tana nan tana jiran ranar da jiki zai yi rauni: doguwar tafiya cikin kwando a bayan babur, haihuwa a kai a kai ba hutu, cunkoso, yunwa, zafin bazara, ko ƙurar hunturu. Daga nan ta yaɗu ta atishawa, ta kwanon ruwa ɗaya, daga uwa zuwa ƴaƴa, da kuma wajen barbara. Al'adar aron namiji daga maƙwabci, wadda ke tsakanin yara masu kiwo, hanya ce mai sauƙi da ciwo ke bi ya zaga unguwa guda. Haka ma sabon zomon da aka sayo ranar kasuwa aka jefa cikin na gida nan take. Yankin na manne da jihohin Jigawa da Katsina na Najeriya. Ana shige da fice ta Tinkim zuwa Babura, ana cin kasuwar Maigatari duk Alhamis. Inda dabbobi ke tafiya, cuta na biye da su ba tare da takarda ba.

A dubi hannuwansa

Atishawa ɗaya ko biyu lokacin da aka zuba busasshiyar harawa ba abin tsoro ba ne. Abin dubawa shi ne atishawa a jere, sau da yawa a yini, da hancin da ba ya bushewa. Da farko ruwa ne garai-garai, daga baya ya yi kauri, ya koma fari ko rawaya.

Amma zomo mai tsabta ne, yana goge hancinsa kafin ka gani. Shi ya sa masu ido ba hancin suke fara dubawa ba. Ka ɗauke shi a hankali, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya a tallafe da ƙugu, ka juyo cikin hannuwansa na gaba. A zomo mai lafiya gashin wurin laushi gare shi, a kwance. A mai majina za ka tarar ya dunƙule, ya yi tauri, da ɓawo-ɓawo mai ruwan ƙasa-ƙasa, domin da nan yake share hanci dare da rana. Sai ka kara kunnenka kusa da fuskarsa: in ka ji wani ƙaramin gurnani ko ƙara kamar ana jan ruwa da tsinke, hanyar iska ta cunkushe. Ka dubi idanu, ko suna hawaye, ko gashin kumatu ya jiƙe. Ka ajiye shi ya natsu a inuwa, ka ƙirga motsin haƙarƙarinsa: zomo mai hutawa kan yi numfashi 30 zuwa 60 a minti ɗaya.

In an yi sakaci, ƙwayar kan bi ta cikin maƙogwaro ta shiga kunne, sai a ga zomo ya karkace wuya, ido ɗaya na kallon sama, yana juyi yana faɗuwa. Wasu a nan suke cewa iska ce ta taɓa shi, alhali mugunya ce ta taru a can cikin kunne. Takan kuma fito da ƙurji a ƙarƙashin fata ko a muƙamuƙi, mai mugunya mai kauri da ba ta tsiyaya da kanta. In ta shiga mahaifa, zomanya ta daina ɗaukar ciki. In ta sauka huhu, sai rama da kasala, wani lokaci mutuwa cikin ƴan kwanaki.

Ba kowace majina ce ta wannan ƙwayar ba. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro har ya mutu, kuma in ba ya samun ciyawa mai tauri da zai riƙa niƙawa, saiwar haƙoran sama kan danne hanyar hawaye, ido da hanci su riƙa zuba. Ƙaiƙayi ko tsinken ciyawa ma kan maƙale a hanci ɗaya. Wannan na cikin dalilan da suka sa sai an kai wa wanda ya sani ya duba.

Ɗakin da aka toshe

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin zomaye da sassafe kafin a share ya san warin nan mai yaji da ke sa ido hawaye. Tururin fitsari ne, sinadarin amoniya. Mutum a tsaye yake, kuma minti ɗaya ya fita. Zomo hancinsa a ƙasa yake, a nan yake kwana ya wuni. Wannan tururi yana ƙona lallausar fatar cikin hanci, ya buɗe wa ƙwayar cuta ƙofa. Da hunturu ya shigo, mai zomo ya lulluɓe keji da leda da buhu ta ko'ina, ko ya shigar da shi madafa kusa da murhu, sai hayaƙi ya haɗu da wari. Niyya mai kyau ce, sakamakon ne ba kyau.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A ɗaga keji daga ƙasa, a yi masa daɓen waya ko sanduna masu tazara yadda fitsari da kashi za su zube, a zuba yashi ko toka a ƙarƙashi, a riƙa kwashewa ana kai wa gona. A ajiye shi a inuwar dogon yaro ko rumfa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, don haka wannan ɓangaren kaɗai za a kare da zana, a bar sauran a buɗe. Masu kiwo a rami suna da ribar sanyi lokacin bazara, amma rami ba ya sharuwa, kuma marar lafiya kan shige can ciki ya mutu ba a sani ba. Wanda ya zaɓi rami, ya riƙa ƙirga zomayensa kullum lokacin ba da abinci, ya lura da wanda bai fito ba.

Harawa a kakkaɓe ta nesa da keji, a ɗan yayyafa mata ruwa kafin a zuba. Wadda ta yi fumfuna a zubar, musamman ta gyaɗa da ƙuli-ƙulin da ya sha damshi, domin zomo ba ya jure gubar fumfuna. Kaji da agwagi kada su riƙa hawa kan keji ko shan ruwa a kwano ɗaya da shi. Maganar da wasu ke yi cewa zomo ba ya shan ruwa, ganye ya ishe shi, ba gaskiya ba ce. Wanda ke cin busasshiyar harawa da dusa a wannan ƙasa tamu dole ruwa mai tsabta ya kasance gabansa ko da yaushe.

Kafson da ke kisa

Hausawa na cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne. A kowace kasuwar ƙauye akwai mai tallar magani a faranti ko a bayan keke, kuma an saba fasa wa kaza kafso a ruwa in ta yi sanyi. Yaron da zomonsa ke majina abin da ya gani ake yi shi zai yi.

Cikin zomo ba irin na kaza ba ne. Yana da wata babbar jaka a hanjinsa cike da ƙananan ƙwayoyi masu amfani, su ke narkar masa da ciyawa. Magunguna irin su amokisilin, amfisilin, fenisilin na sha, linkomaisin da iritiromaisin, in suka shiga ta baki, sai su kashe waɗannan masu amfani, su bar wata muguwar ƙwaya ta dangin Clostridium ta yi yawa ta zuba guba. Bayan ƴan kwanaki zomo ya kama zawo, ciki ya kumbura, ya mutu. Mai shi ya ce murar ce ta kashe shi, bai san maganin ba ne. Zomo kuma ba ya amai, duk abin da aka ɗura masa ya shiga ke nan.

Akwai magungunan da likitocin dabbobi ke amfani da su ga zomo lafiya, irin su anrofulokzasin da haɗin salfa da tirimetofirim, wani lokaci da allurar da su kaɗai suka san yadda ake yinta. Ana auna su ne da nauyin dabba, don haka a ɗora zomon a sikeli kafin a ba shi komai. Jinyar kan ɗauki mako biyu ko fiye, kuma wanda ya daina ran da atishawa ta tsaya, ya bar ƙwayar ta huta ne ta dawo da ƙarfi. Ko an kammala maganin, sau da yawa ƙwayar na saura a lungunan hanci, ciwon ya lafa ya sake tashi in jiki ya yi rauni. Saboda haka wanda ke kiwo don sayarwa ko don iri, ya fi masa alheri ya fitar da mai yawan majina daga garke, kada ya bar shi ya yi barbara. Wanda kuma zomon abokin ɗansa ne, yana iya riƙe shi shekaru, amma a kejinsa shi kaɗai. In an yi niyyar yanka wanda ya sha magani, a tambayi likita kwana nawa za a jira. Wanda aka feɗe aka ga mugunya a huhunsa ko ƙirjinsa, a binne shi, kada a jefa wa kare.

Jinya a gida

Abu na farko, a ware shi nesa da sauran, da kwanonsa daban. A fara ba masu lafiya abinci, shi a ƙarshe, sannan a wanke hannu da sabulu, domin ƙwayar kan shiga jikin mutum ta cizo ko yaƙushi. Tsohon kejin a kankare shi, a wanke da ruwan jabel, a ɗauraye, a shanya a rana.

Na biyu, a buɗe masa hanci. A jiƙa auduga ko tsumma mai laushi da ruwan ɗumi, a ɗora a kan ɓawon majinar har ya yi laushi, a share a hankali, safe da yamma. Turara ma na taimako: a ajiye kwanon ruwan zafi a wajen keji inda ba zai kai gare shi ba, a yafa zane a kan kejin da kwanon, a bar gefe ɗaya a buɗe, na kamar minti goma, mutum na tsaye. Ruwa zalla, ba man zafi, ba turaren wuta, ba shafa masa komai a hanci. Kada a yi masa wanka, kada a ɗauke shi ta kunne.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, shi ne ci. Zomon da hancinsa ya toshe ba ya jin ƙamshin abinci, sai ya ƙi ci, hanjinsa kuma in ya tsaya da aiki yana iya kashe shi kafin majinar ta kashe shi. In ya yi awa 12 bai ci ba, ko aka ga kashinsa ya ƙanƙance ko ya ɗauke, lamarin ya zama na gaggawa. A gwada masa ɗanyen ganye mai ƙamshi wanda ya saba da shi, ganyen karas ko na dankali ko zogale. In ya ƙi, a daka harawa mai kyau ta yi laushi, a dama da ruwa, a ɗiba a sirinjin da aka cire wa allura, a sa ta gefen baki bayan haƙoran gaba, kaɗan-kaɗan, yana zaune a kan ƙafafunsa. Kada a kwantar da shi rigingine, zai shaƙe.

Sabon zomo kuwa, ko na aro, ya yi wata guda a kejinsa daban kafin ya haɗu da na gida.

Wadda ta fi majina

Akwai wata cuta da bai kamata a rikita ta da majina ba. In zomaye masu ƙiba da lafiya suka fara faɗuwa matattu dare ɗaya, da yawa a tare, wasu da jini ko kumfa a hanci, wannan alamar cutar zubar jini ta zomaye ce. An fara ganinta a ƙasar Sin a 1984, sabon nau'inta ya ɓulla a Faransa a 2010, kuma a 2020 ta yi ɓarna a gonakin zomo na kudu maso yammacin Najeriya da jihar Kwara. Ba ta da magani, sai rigakafi, kuma ƙwayarta na daɗewa a jikin keji da takalmi da buhun abinci. Wanda ya ga haka ya daina saye da sayarwa, ya binne gawarwakin da zurfi, ya sanar da ma'aikatar kiwo nan take.

Wa zai duba zomo?

Nijar ba ta rasa tsarin lafiyar dabbobi ba. Akwai ɗakin binciken LABOCEL a Yamai mai haɗa alluran rigakafi, akwai ma'aikatar kiwo a kowace gunduma, akwai tsarin likitocin dabbobi masu zaman kansu da mataimakansu na ƙauye, wanda aka fara gwadawa a Dakoro a 2003. A tsallaken iyaka, cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya na da sashen bincike kan zomo, cibiyar Vom ta jihar Filato kuma tun 1924 take aiki kan cututtukan dabbobi. Amma hankalin wannan tsari duka yana kan shanu da tumaki da awaki da raƙuma, kuma yaro na jin nauyin ya rungumo zomo ya tsaya a layi ɗaya da mai bijimi.

Wannan kunya ce ya kamata a cire. Addininmu ya gargaɗe mu da labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha; duk dabbar da mutum ya kulle, haƙƙinta na wuyansa, babba ce ko ƙarama. Muna kira ga ma'aikatun kiwo na Magariya da Dungas da su sa zomo cikin horon da ake ba mataimakan likitocin dabbobi, ko da jerin magungunan da ba a ba shi ta baki ne kawai. Gidajen rediyon karkara su ware masa minti biyar a shirin manoma kafin hunturu ya kankama. Iyaye kuma, in yaro ya zo ya ce, "Baba, zomona na atishawa," kada a ce masa mura ce. A ware zomon, a buɗe wa kejin iska, a hana shi kafso, a raka yaron wajen malamin dabbobi.